Al'ada a Gaban Alƙali: Inda Take Ceton Baƙo da Inda Ba Ta Yi

(Jawabin da magatakardan reshenmu ya yi a Jugu, a taron ardo-ardo, garso-garso, dillalai da fataken shanu na jihohin Borgu da Donga. Mun buga shi yadda ya faɗa, saboda 'yan'uwa da ba su sami zuwa ba.)



Iyayenmu ardo-ardo, malamanmu, sarakunan kara, dillalai da fatake, da iyayenmu mata da ke zaune can gefe, ina gaishe ku baki ɗaya. Waɗanda suka taso daga Paraku, da Nikki, da Gogunu, da Kolokonde, sannunku da hanya. Allah ya sa yadda muka taru lafiya mu watse lafiya, ya ba dabbobinmu ciyawa da ruwa.

Ni dai kun san ni, ba lauya ba ne. Karatuna na boko a aji shida na firamare ya tsaya, na koma bayan shanun mahaifina. Ɗan abin da zan faɗa a bakin kotu na tsince shi, don na yi shekaru ina raka mutanenmu ina taya su magana, sai kuma wani kwas da lauyoyi suka yi mana a Paraku. In na yi kuskure, manya su gyara mini.

Akwai kalma guda da na gaji da jin ta. Duk sa'ad da aka kama namu, musamman baƙon da ya ƙetaro daga Nijar, ko Nijeriya, ko Burkina, in aka tsai da shi gaban alƙali, abin da yake fara cewa shi ne: "Ranka ya daɗe, al'adarmu ce." Na ga ranar da wannan kalma ta fid da mutum daga kaso. Na kuma ga ranar da ta ƙara masa shekaru. Yau so nake mu zauna mu rarrabe, yaushe take magani, yaushe take dafi.

Wane ne baƙo?

Da farko mu san wa muke nufi. Fulanin Borgu sun yi ɗaruruwan shekaru a ƙasar nan, 'yan ƙasa ne kamar kowa. Hausawan zango na Jugu da Paraku, kakanninsu tun zamanin fataucin goro suke bin hanyar nan daga Kano zuwa Gwanja. Sai waɗanda farin 1973 da na 1984 ya koro daga arewa suka zauna. Sai kuma masu saukowa da rani su koma da damina. A wurinmu kowa da matsayinsa. Amma a bakin ofis, da zarar an ga sanda da malafa, duk baƙi ake ɗaukarmu. Saboda haka maganar nan ta shafi kowa a rumfar nan.

Tsarin mulkin ƙasar Benin na 11 ga Disamba 1990 ya yi maganar baƙo a sashe na 39. Ya ce baƙo yana da hakki da 'yanci irin na ɗan ƙasa bisa yadda doka ta tsara, kuma wajibi ne ya bi dokokin ƙasa. Abu biyu ne a ƙunshe, ba a ɗaukar ɗaya a bar ɗaya. Sashe na 11 kuma ya ba kowace al'umma damar yin harshenta da raya al'adarta, tare da girmama ta wasu. To, ba wanda ya hana mu al'ada. Amma ba inda aka rubuta cewa al'ada tana wanke laifi.

Wani dattijo ya ce da ni, ai a zamanin da alƙali yakan tambayi al'ada. Gaskiya ne, Baffa. A zamanin Faransa akwai kotunan 'yan ƙasa, inda dattawa ke zama kusa da Bature suna faɗa masa yadda ake yi a gargajiyance. A 1931 har littafi aka tara na al'adun Dahome. Amma tun 1946 aka cire shari'ar laifi daga hannun waɗannan kotuna, aka ce doka ɗaya ce ga kowa. Abin da ya rage wa al'ada shi ne aure da gado da ƙasa. A 2004 dokar iyali ta fito, ta ce a duk abin da ta tsara, al'ada ta daina zama doka. A ƙarshen 2018 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar laifuka, ta maye wadda aka gada daga Faransa. Ke nan kujerar da al'ada take zama a kotun laifi, an ɗauke ta tun kafin a haifi yawancinmu.

Inda al'ada take ceto

To shi ke nan, al'ada ba ta da amfani a kotu? Tana da shi, babba ma. Bari in ba ku labari.

Wata shekara aka yi satar shanu a wani yanki, jami'an tsaro suka shiga bincike garke garke. Suka iske wani saurayi da ya sauko daga wajen Gaya, a cikin garkensa akwai saniya guda mai yankan kunne daban da na sauran. Aka ce ta wa ce? Ya sunkuyar da kai ya ce ta wani ce. Wane ne wanin? Ya yi shiru. Shanunka nawa? Ya ce 'yan kaɗan ne. Aka ƙirga aka sami sittin da uku. Shekarunka nawa? Bai sani ba. Aka rubuta a takarda cewa ya ƙi faɗin mai saniya, ya yi ƙarya a kan yawan shanu, kuma ya kasa kallon mai tambaya a ido. Aka ba shi ya dangwala yatsa, ya dangwala.

Ku da ke nan kun riga kun gane abin da ya faru. Saniyar habbanaye ce. Surukinsa ne ya ba shi ita aro, ta haifa masa, ya riƙe 'ya'yan, ya mai da uwar. Wane Bafulatani ne zai buɗe baki ya ambaci sunan surukinsa a gaban jama'a? Wane makiyayi ne zai faɗi adadin shanunsa ga wanda bai sani ba? Wane yaro mai tarbiyya ne zai tsura wa babba ido? Abin da muke kira kunya, a takarda ya zama alamar ɓarawo.

Yaron nan ya yi kwana goma sha tara a tsare. Sai da muka je da ardo muka yi wa mai gabatar da ƙara bayanin habbanaye tun daga tushe, aka aika surukin ya zo da kansa, ya nuna irin yankan kunnen gidansu a kan wasu shanun. Aka sake shi.

Ku lura da kyau. Ba mu ce wa hukuma sata al'adarmu ce ba. Cewa muka yi ba a yi sata ba, ga kuma al'adar da ta nuna haka. Lauyoyi sun koya mana cewa yawancin laifuka ƙafa biyu gare su: aikin da aka yi, da niyyar da aka yi shi da ita. In babu niyyar ɗaukar kayan wani, babu sata. A nan al'ada shaida ce, kamar mutumin da ya ga abu da idonsa ya zo ya faɗa. Wannan shi ne amfaninta na farko.

Amfani na biyu, sassauci. Ko an tabbatar da laifi, doka ta bar wa alƙali fili tsakanin hukunci mai nauyi da mai sauƙi, har yakan iya yin ɗaurin je-ka-gyara-halinka. In ya gane cewa mutumin nan jiya ya shigo, bai taɓa laifi ba, ba mugunta ta sa shi ba, yana iya sauƙaƙawa. Amma wannan roƙo ne, ba bashi ba ne da kake bin alƙali. Kuma sau ɗaya yake ci. Wanda ya shekara goma yana saukowa Borgu ba zai ce bai sani ba a yarda.

Inda ba ta yi

Yanzu ga ɗaya gefen, kuma ku yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na farko, sharo, wanda wasunmu a nan ke kira goja. Na san wani wasa da aka yi bayan salla, bulala ta sauka inda bai kamata ba, yaro ya kwana uku ya cika. Dattawa suka zauna, aka yi ta'aziyya, aka ba da shanu, iyaye suka ce sun yafe, kowa ya ce magana ta mutu. Bayan wata guda aka zo aka tafi da wanda ya yi dukan. A kotu ya ce al'adarmu ce, kuma mamacin da kansa ya buɗe ƙirji. Alƙali ya ce yardar mutum a doke shi ba ta halatta dukan da ya kai shi kabari. An yarda bai yi niyyar kisa ba, an sassauta, amma sai da ya yi shekaru a gidan kaso. Uwarsa har yau in ta gan ni sai ta ce, "Ba kun ce an yi sulhu ba?"

Ku riƙe wannan: sulhu yana kashe maganar diyya tsakanin gida biyu, amma ba ya ɗaure hannun mai gabatar da ƙara. Shanu sun ci gona, wannan a kai wa kwamiti, a kimanta ɓarna, a biya. Amma in jini ya zuba, magana ta bar hannun ardo da delege. Wanda kuma ya ɓoye mai laifi a rugarsa don zumunci, ya jawo wa kansa tasa shari'ar.

Na biyu, maganar 'ya'yanmu mata. Dokar 3 ga Maris 2003 ta hana kaciyar mata. Ta sa ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3 da tarar sefa dubu 100 zuwa miliyan 2. In yarinyar ba ta kai 18 ba, shekara 3 zuwa 5. In ta mutu, shekara 5 zuwa 20. Ba mai aska kaɗai ba, har wanda ya kai ta da wanda ya taimaka. Dokar iyali ta 2004 ta sa shekarun aure 18 ga mace da namiji. Dokar yara ta 2015 ta ƙara ƙarfafa hanin. A Disamba 2021 aka yi wata dokar da ta miƙa shari'ar auren dole da auren wuri ga kotun nan ta musamman, CRIET, can kudu, tafiyar fiye da kilomita 400 daga Paraku. Hukumar mata ta ƙasa kuma tana da ikon shigar da ƙara da kanta, ko iyaye ba su so. Wanda ya ce ai a garinsu can ƙetare haka ake yi, za a ce da shi nan ba can ba ne.

Fannin addini na bar wa malamai, ga su nan zaune. Ni tambaya ɗaya gare ni. In uba ya tsaya gaban alƙali ya ce al'adarmu ce, yarinyar da ke kwance a asibiti fa, ita ba tamu ba ce? Wa zai faɗi tata al'adar?

Kada kuma wani ya ce mu kaɗai doka ta sa wa ido. Kun san a wasu garuruwan Borgu, a da, jaririn da ya fito ta ƙafa, ko ya fara haƙori ta sama, ana ɗaukarsa mugun abu. Wasu a hallaka su, wasu a kawo su ruga kakanninmu su rene su, ko da yake yadda aka riƙe su daga baya shi ma akwai magana a kai. Wannan al'adar masu gari ce, ba ta baƙi ba, amma doka ta kira ta kisan kai. In ba ta ɗaga wa mai gida ƙafa ba, ba za ta ɗaga wa baƙo ba.

Na uku, daji. Mu a wurinmu in rani ya tsananta, yaro ya hau kawo ko maɗaci ko madobiya ya saro ganye, ba laifi ya yi ba, dabba ya ceta. Amma dokar gandun daji ta 1993 ta sa itatuwan nan cikin waɗanda ake karewa, kuma dazuzzuka irin su Wari-Maro da gandun W da Panjari suna da nasu sharuɗɗa. "Kakana a nan ya yi kiwo" gaskiya ce, amma ba ta hana tara.

Na huɗu, yaro a bayan shanu. Mu duka da shekara bakwai muka fara. Amma yarjejeniyar CEDEAO da aka sa wa hannu a Abuja a Oktoba 1998 ta ce mai rakiyar garken da zai ƙetare iyaka ya kai shekara 18, a sami mutum ɗaya ga kowane shanu 50, kada su gaza biyu, a ƙetare da rana, da takardar shaidar ƙetare da ta allura a hannu. Ita ce ta ce ƙasar da aka sauka ta kare makiyayi, ita ce kuma ta ce makiyayi ya bi dokar ƙasar. A Disamba 2019 gwamnatin Benin ta hana shigowar shanun ƙetare, sai a 2020 aka yi wata yarjejeniya da Nijar ta shanu 50,000 na 'yan watanni. Don haka kafin ka aika wa ɗan'uwanka ya taso, zo reshe ka tambayi abin da ake ciki a bana.

Yadda ta kaya a wasu ƙasashe

A kwas ɗin nan na Paraku, wani lauya ya nuna mana cewa ba mu kaɗai ke fama da wannan tambaya ba. Duk ƙasar da baƙi suka shiga, sai alƙalanta sun gamu da ita. Zan kawo muku huɗu.

A 1974 a birnin Landan, an gurfanar da wata Bayarabiya 'yar Nijeriya, Misis Adesanya, don ta yi wa 'ya'yanta maza biyu tsagar gado a kumatu da reza. Yaran sun yarda, ita kuma ba ta san laifi ba ne. Kotu ta ce laifi ne, amma alƙali ya sallame ta ba ɗauri ba tara, ya kuma yi gargaɗi cewa na gaba ba zai sami wannan sauƙi ba. Ku dubi fuskokinmu a rumfar nan, mu nawa ne ba mu da tsaga ko zane? Ga abin da yake ado a wurinmu ya zama rauni a wurin wasu.

A 1985 a garin Fresno na Amurka, wani saurayi ɗan ƙabilar Hmong, mutanen da suka yi gudun hijira daga Lawos, ya ɗauke wata budurwa ya kai ta gidansu ya kwana da ita. Ya ce a al'adarsu haka ake aure, kuma kukan amarya na kunya ne. Ita ta ce da gaske take ƙi. Aka sauke tuhumar daga fyaɗe da sace mutum zuwa tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba, ya yi 'yan watanni, ya biya dalar Amurka 1,000. Wannan labari ya yi kama da wani abu da muka sani, ba sai na faɗa ba.

A 1989 a birnin New York, wani ɗan Sin mai suna Chen, wanda ya kashe matarsa da guduma don zargin tana bin wani, ya kawo masani ya shaida cewa a al'adarsu irin wannan abin kunya yana gusar da hankalin namiji. Alƙali ya karɓa, ya ba shi shekara 5 ta je-ka-gyara-halinka. Wa kuke tsammani ya fi yin kuka da hukuncin? Ƙungiyoyin matan Asiya da ke zaune a can. Suka ce ashe jininsu ya fi na sauran mata araha ke nan.

A 1999 a Paris, aka yi shari'ar wata 'yar Mali, Hawa Gereyu, wadda ta yi wa yara mata 48 kaciya. Aka ɗaure ta shekara 8, aka hukunta iyaye da dama. Wadda ta kai ƙara ba Baturiya ba ce. Ɗaya daga cikin yaran ce, da ta girma.

Abin da na fahimta daga huɗun nan shi ne, in abin bai yi muni ba kuma mutum bai sani ba, alƙalai sukan tausaya. In an tausaya a kan rai ko mutuncin mace, to wanda ya biya kuɗin tausayin ɗan gida ne, ba wani can ba.

Takobi mai kaifi biyu

Ga abin da ya fi damuna, jama'a. Kalmar nan "al'adarsu ce" ba mu kaɗai ke faɗinta ba. Ku shiga kasuwa ku ji. In aka sari manomi, sai a ce Fulani ai al'adarsu ce, ba sa rabo da adda. In aka tare hanya, a ce halinsu ne. Da wannan kalma ake ƙona rugar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Tun da rashin tsaro ya shigo arewacin ƙasar nan a ƙarshen 2021, abin ya ƙaru, kowa ya sani.

To in mu da bakinmu muka tsaya a kotu muka ce yaro ya zaro adda don an zagi uwarsa, kuma a al'adarmu ba a haƙuri da wannan, me muka yi? Mun sa hannu a takardar masu zaginmu. Don mu ceci mutum ɗaya, mun shafa wa dubu baƙin jini. Kuma ƙarya muka yi wa al'adar. Ni abin da na tashi na iske ana kira pulaaku shi ne munyal, wato haƙuri, da semteende, wato kunya, da hakkille, wato hankali. Ban ji an lissafa sara a ciki ba. Wanda ya yi sara, zuciyarsa ce ta ɗebe shi, ko ƙwaya. Ya ɗauki kayansa shi kaɗai, kada ya rataya wa kakanninmu.

Ƙofar da ta dace

Akwai al'adun da suka cancanci a kare su, kuma akwai ƙofar da ake bi. Lauyan nan ya ba mu misalin mutanen Sikh, 'yan asalin Indiya da ke zaune a Ingila, masu naɗa rawani da rataya 'yar wuƙa saboda addininsu. Ba su tsaya kowa ya je kotu shi kaɗai yana roƙo ba. Sun haɗa kai sun bi ta majalisa. A 1976 aka yi doka ta yafe wa mai rawani sa hular kwano a kan babur. A 1988 da aka yi dokar hana yawo da wuƙa, aka rubuta a ciki cewa wanda ya riƙe ta don aikinsa, ko addininsa, ko kayan gargajiyarsa, yana da hujja.

Darasin ke nan. Gaban alƙali wuri ne na mutum ɗaya a ranar da ya fi kowa rauni. Wurin kare al'ada shi ne inda ake rubuta doka. Mu ma mun ga haka. Dokar kiwo da aka sa wa hannu a Afrilu 2019 ta san da burtali da makiyaya da mashaya, kuma ba daga sama ta faɗo ba, ƙungiyoyin makiyaya sun yi shekaru suna bin ta. In muna so a san sandar makiyayi kayan aiki ce, a san habbanaye, a san yankan kunne shaida ne, a ba da izinin saran ganye bisa tsari, to ta nan za mu bi, da takarda da wakilai, ba da kuka a bakin kaso ba.

Abin da za mu yi

Kafin in zauna, ga abin da nake roƙo kowa ya koma da shi ruga da kara.

Ɗaya. Duk baƙon da ya sauka wurinka, kai ne idonsa. Baƙo ko da ido makaho ne. A daren farko, bayan ya sha fura, ka faɗa masa abin da aka hana a nan. Ka kai shi wurin delege a san da shi.

Biyu. Dabbar habbanaye ko ta amana, a rubuta. Ku zo reshe, muna da littafi: sunan mai ita, kamanninta, yankan kunnenta, da shaidu biyu. Dillalai, kada a sayi dabba ko a sayar ba tare da takardar kara ba. Kasuwar Gogunu ta daɗe da nuna mana amfanin rubuta ciniki a gaban shaidu.

Uku. In an kama ka, ka nemi tafinta da ke jin harshenka sosai. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba. Kada ka ce "to" don ladabi, a can "to" amsa laifi ce. Kunya ado ce a gida, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In sunan surukinka ne zai fid da kai, faɗe shi, zai yafe maka.

Huɗu. Tsarin mulki a sashe na 18 ya ce ba a tsare mutum fiye da awa 48 sai da izinin alƙalin da aka kai shi gabansa, kuma ko an ƙara, ba ya wuce kwana 8. Kana da hakkin lauya. A sanar da reshe tun ranar farko. Kada a sayar da bijimi a ba wani ɗan tsakani da ya ce ya san hanya. Mun ga gidajen da garke ya ƙare a haka, mutum kuma yana ciki.

Biyar. Iyayenmu ardo-ardo, maganar sharo da maganar aurar da yara, ku zauna ku duba tun ba a zo an duba mana ba. Abin da muka gyara da hannunmu ya fi wanda aka gyara mana da ankwa.

Shida. Mu sa yara makaranta, maza da mata. Ranar da na tsaya gaban mai gabatar da ƙara ina lalubar Faransanci don in fassara masa habbanaye, na yi fatan a ce wanda ke zaune a kujerar nan ya taɓa tatsar saniya. Ba zai saki mai laifi don nasa ne ba, kuma ba ma so ya yi haka. Amma ba zai riƙe yaro kwana goma sha tara don ya sunkuyar da kai ba.

Iyakar abin da ke bakina ke nan. Wanda na ɓata wa rai ya yafe mini, ba da nufi ba ne. Allah ya tsare mu da abin da za a kai mu gaban alƙali, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, ya albarkaci garke da gona baki ɗaya.